Ramuka Uku a Wuyan Jita

A saman kabad muka same ta,
ranar da aka raba kayan Kawu Tanimu,
ƙarƙashin tsohuwar darduma da kwalin fanka.
Babu wanda ya sa ta a lissafi.
Mai rabon gado ya kau da kai,
ni kuwa na naɗe ta da zani,
na fice da ita kamar mai kai jinya asibiti.

Tsirkiya biyu suka rage cikin shida,
su ma tsatsa ta cinye rabinsu.
Wuyanta ya ranƙwafa, irin na dattijon da ya gaji da gaisuwa.
Ƙirjinta ya tsage daga jaki har ƙasa,
tsaga siririya, iya shigar farce.
Da na girgiza ta, wani abu ya amsa daga ciki:
gidan zanzaro, ƙwallon dabino,
da rasiɗin wani kanti a Sabon Gari
inda yanzu taya ake sayarwa.
Fam huɗu da sule goma.

Malam Barau na Fagge gurmi yake sassaƙawa,
bai taɓa buɗe cikin jita ba.
Ya ce, "Baƙuwa ce, amma itace ai itace ne."
Ya ƙwanƙwasa bayanta, ya kara kunne,
kamar mai zaɓen kankana a 'Yankaba.
"Ba ta mutu ba," in ji shi. "Ƙishi take ji."
Ya jingine ta kusa da randa, kwana tara,
har bakin tsagar ya fara neman ɗan'uwansa.

Ya dafa guntayen fata da ya roƙo a majema,
wari ya kori masu hira daga ƙofar shago.
Ya ɗura danƙon da gashin kaza,
ya ɗaure ta tam da robar tayar keke.
Sabon jaki, ƙashin raƙumi ne daga kwata,
ya yini yana goga shi a dutse.
Kunnuwa biyar suka sha man keken ɗinki suka juya,
na shida ya ƙi,
aka sa mata wani mai ruwan zinare,
ga ta nan da haƙorin Makka.

Da ya ɗauko samfefa zai daidaita wuyan,
sai na riƙe masa hannu.
Ramuka uku ne a jikin katakon,
santsi gare su kamar bakin rijiya inda igiya ke bi.
Ni Kawun da na sani, mai rediyo ne da carbi,
ya dawo daga reluwe, ya yi alwala, ya yi shiru.
To waye wannan da ya danna wuri ɗaya
har itace ya ba shi hanya?

Malam Barau ya ce, "In na bar su, za ta riƙa zuza."
Na ce, ta zuza.

Ranar da na kawo ta gida, bayan la'asar,
na zauna a soro na ja ta sama.
Amon ya fito da kauri, da ɗan dishi-dishi,
muryar wanda ya tashi daga dogon barci
bai ko kuskure baki ba.
Ta ƙasa kuwa ƙarau, kamar cokali a kofin shayi.
Na sa yatsuna cikin ramukan nan,
sun yi mini yawa.

Gwaggo Ladidi tana tankaɗe a tsakar gida.
Shekara arba'in ban ji ta ambaci kiɗa ba.
Rariya ta tsaya.
Ba ta ɗago ba, ba ta leƙo ba,
ta dai ce, "Sassauta ta ukun.
Shi bai cika ɗaure ta haka ba."

Na murɗa kunnen a hankali, ina jira.
"Ƙara."
Na ƙara.
Sai na ji rariya ta ci gaba.